Daga Bakin Sanƙira Zuwa Akwatin Lasifika: Tarihin Kai Murya Ƙarshen Fili a Ƙasar Ɗanja da Funtuwa

Idan kaka ta yi a kudancin Jihar Katsina, aka kwashe masara da dawa, aka tsince auduga, masu dafa mazarƙwaila suka hura wuta a gonakin rake na Ɗanja, kuɗi kan shigo hannun manoma, bukukuwa kuma su biyo sawunsu. Daga nan har zuwa faɗuwar ruwan fari, da wuya mako ya wuce ba a yi ɗaurin aure ko naɗin sarauta ko saukar karatu ko taron siyasa ba a garuruwan da ke tsakanin Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Malumfashi. Kowane irin taro daga cikin waɗannan yana da buƙata guda wadda ba a rubuta ta a katin gayyata, wato a samu hanyar da muryar mutum ɗaya za ta isa kunnen wanda ke tsaye can ƙarshen fili. A yau wannan aiki yana hannun masu bayar da hayar kayan sauti, da mawaƙan da suka tara 'yan kuɗi suka sayi nasu. Mai saye yakan shiga shago a Sabon Garin Kano ko na Zariya, tambayarsa ta farko kuma ita ce: wat nawa ne? Abin da ya gudana a wannan yanki cikin shekara ɗari da suka wuce yana nuna cewa, a cikin tambayoyin da suka kamata mai saye ya yi, wannan ce mafi ƙarancin amfani.

Tun kafin wayar lantarki ta iso, Hausawa sun san wannan matsala, sun kuma warware ta da mutane da fata da ƙarfe. Kakaki da tambari na sarakuna ne, aikinsu shi ne su sanar da gari abin da ke gudana a fada ba tare da an aiki kowa ba. Gangar noma, wadda manoman wannan yanki suka sani sarai, an yi ta ne da girma domin amonta ya ratsa gona daga wannan kunya zuwa waccan a ranar gayya. Amma ganga ba ta faɗin suna ɓaro-ɓaro, ita kuwa waƙar Hausa kasuwancin suna ce: wane ɗan wane, jikan wane, ya ba da riga, ya ba da doki. Saboda haka aka samu rabon aiki. Mawaƙi ya jefa ɗa, 'yan amshi su karɓa da baki huɗu ko biyar, su maimaita gindin waƙa har ya zauna a kunnen na nesa, shi kuma ya samu sararin numfashi. Sanƙira ko maroƙi ya tsaya a gefe, ya ɗaga murya ya yi shelar kyauta da mai kyauta. A masallacin Idi ma haka ne, ladan ke ɗaga kabbarar liman domin sahun baya su san an yi ruku'u.

Wannan tsari ya sa wa taro iyaka. Mutum mai lafiyar maƙogwaro, idan ya yi kururuwa, ƙarfin muryarsa a tazarar mita ɗaya bai cika wuce desibel 90 ba, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. A fili buɗaɗɗe, inda babu bangon da zai dawo da amo, duk lokacin da tazara ta ninka sau biyu ana rasa desibel 6. Kafin a kai mita 30, kururuwar ta koma daidai da hirar mutum biyu a zaure, hayaniyar taro kuma ta haɗiye ta. Shi ya sa jama'a ke yin da'ira su matso, girman da'irar kuwa ƙirjin mawaƙi ne ke yanke shi. Shi ya sa kuma kayan kiɗa masu sanyin amo, irin su gurmi da molo da kuntigi, suka daɗe a matsayin kayan zaure da ƙaramin dandali, manyan filaye suka zama na ganga da kalangu.

Na'urar da ta rushe wannan iyaka an ƙera ta ne a Amurka. A 1915 wasu injiniyoyi biyu, Peter Jensen da Edwin Pridham, suka gwada lasifikarsu mai suna Magnavox a gaban dubban mutane a birnin San Francisco. Bayan shekara goma, a 1925, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da tsarin da har gobe shi ne zuciyar kusan kowace lasifika: naɗaɗɗiyar waya a cikin maganaɗisu, wadda ke tura faifan takarda gaba da baya gwargwadon wutar da ta shige ta. Duniyar Musulmi ba ta yi jinkiri ba, a 1936 an riga an ɗaura lasifika a hasumiyar Masallacin Sultan na Singafo.

A Arewacin Nijeriya gwamnatin mulkin mallaka ce ta fara kawo ta, don amfanin kanta. A 1944 aka buɗe gidan rediyo mai waya a Kano, wanda ke aika shirye-shirye ta igiya zuwa akwatunan da aka rataya a gidajen masu biyan kuɗi da kuma wuraren taruwar jama'a. Masanin nan Brian Larkin ya bi diddigin wannan labari a littafinsa na 2008, Signal and Noise. Mutanen karkara kuwa ta hanyar majigi suka fi haɗuwa da ita. Mota takan zo garin hakimi da injin wuta da farin ƙyalle, a nuna fim kan tsafta ko noman auduga, wani ma'aikaci yana riƙe da makirufo yana fassara da Hausa. Ga mutane da yawa, wannan ne karon farko da suka ji muryar ɗan Adam ta fi ƙarfin ganga. 'Yan siyasa sun gane amfanin abin nan da nan. Da aka shiga shekarun 1950, NEPU da NPC suna kokawar neman ƙuri'a, motar da aka ɗaura wa lasifika a ka ta zama kayan aikin yaƙin neman zaɓe, kuma ba ta sauka daga wannan matsayi ba har yau.

Funtuwa tana da dalilin da ya sa ta zama wurin da waƙa da na'ura za su haɗu. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, ga injin gurzar auduga, ga hanyoyin mota da suka haɗu a cikinta daga Sakkwato da Katsina da Zariya. Garin Sarkin Maska ya cika da direbobi da dillalai da 'yan ƙwadago da baƙi daga ko'ina, mutanen da ke da tsabar kuɗi a aljihu da sha'awar a ambaci sunansu a bainar jama'a. A nan Alhaji Mamman Shata ya kafa gida. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori, maƙwabciyar Ɗanja, kafin ya tare a Funtuwa inda ya yi shekaru masu yawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura.

Shekarun da sunan Shata ya cika ƙasa su ne shekarun lasifikar ƙarfe, mai faffaɗan baki kamar mazurari, irin wadda har yanzu ke saman kowane masallaci. Kamfanoni biyu ne sunayensu suka fi zama a bakin masu gyaran rediyo, TOA na ƙasar Japan da Ahuja na Indiya. Yana da kyau a tsaya a kan wannan na'ura, domin raina ta da 'yan zamani ke yi bai dace da abin da take iya yi ba. A bayanta akwai ɗan ƙaramin faifai wanda bai fi tafin hannu ba. Faifan shi kaɗai ba ya iya kama iska sosai, kamar mai son tura ruwan tafki da tsinke. Aikin mazurarin shi ne ya tattara motsin faifan a ƙuntataccen wuri, sannan ya riƙa buɗa masa hanya sannu a hankali har ya fita waje, ya kuma nufar da shi gaba maimakon ya watse ko'ina. Sakamakon haka, daga wat ɗaya tak na wuta, lasifikar ƙarfe mai kyau takan ba da desibel 105 ko fiye a tazarar mita ɗaya. Akwatin katako na kiɗa, irin mai faifai inci 12 ko 15, yakan tsaya ne a wajajen 95 zuwa 98. Bambancin desibel 10 a lissafin sauti yana nufin ninki goma na wuta. Ma'ana, a fagen muryar mutum, abin da lasifikar ƙarfe za ta yi da wat 30 sai akwati ya ci kusan wat 300 kafin ya kamo ta.

A ƙasar da mafi yawan ƙauyukanta ba su da wutar gwamnati, wannan lissafi shi ne komai. Da amfilifaya mai tiransisto ta wadata, wadda ke aiki da batirin mota mai bolt 12, kayan wasa gaba ɗaya suka koma abin da bayan a-kori-kura zai ɗauka tare da makaɗa: lasifika biyu, gora biyu na ɗaura su, amfilifaya, batir, makirufo da doguwar waya. Rana ba ta narka ta, ƙurar hunturu ba ta kashe ta, ruwan sama ya zuba a kanta ta wayi gari tana aiki.

Tana da aibi babba, amma aibin ya yi wa waƙar Hausa ta wancan zamani daidai. Lasifikar ƙarfe ba ta fitar da sauti mai kauri. Duk abin da ya yi ƙasa da girgiza 250 ko 300 a daƙiƙa, ba ta san da shi ba. Abin da take riƙewa da ƙarfi shi ne tsakiya, daga nan zuwa wajajen dubu biyar ko shida, a nan kuwa baƙaƙen magana suke zaune, inda kunne ke raba ka da ƙa, da kuma sa da tsa. Mai tunani zai iya tambaya: Hausa harshe ne mai karin sauti, tushen muryar namiji kuma yana ƙasa da 200, to yaya aka yi ba a rikita hawa da saukar murya ba? Amsar tana cikin halittar kunne. Kowace murya tana tafe da 'ya'yan amo a samanta, ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na tushen, ƙwaƙwalwa kuma takan gano tushen daga tazarar da ke tsakanin 'ya'yan ko da shi kansa bai iso ba. Dalilin ke nan da ya sa ake gane karin magana ta wayar tarho, wadda ita ma take yanke ƙasan murya. Don haka lasifikar ƙarfe ta kai wa na bayan fili kalma cikakkiya, da karinta da tsawon wasalinta, ta kuma kai masa zaƙin kalangu, ta bar kaurin ganga ga waɗanda ke kusa su ji da ƙirjinsu. Ga mawaƙin da jarinsa shi ne ƙirƙirar magana nan take, wanda zai hango mutum a cikin taro ya ɗinka masa ɗa tun bai zauna ba, babu na'urar da ta fi wannan dacewa.

Makirufo ya sauya matsayin mutane a cikin ƙungiyar kiɗa ba tare da an yi shela ba. Ƙarfin ƙirji ya rage daraja, iya sarrafa harshe ya ƙaru. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ya iya tsayawa gaban dubban mutane shi kaɗai, abin da ba zai yiwu ba a zamanin da'ira. Haruna Uji da gurminsa ya ci irin wannan moriya. 'Yan amshi ba su ɓace ba, sai dai aikinsu ya koma na ado da ba da hutu fiye da na kai saƙo nesa. Sanƙira kuwa ya karɓi makirufon da hannu biyu, jikansa ne mai gabatarwa na bikin yau, wanda ke kiran sunayen masu liƙi.

Akwai kiɗan da lasifikar ƙarfe ba ta yi wa adalci ba, kuma a Funtuwar ma aka fi ganinsa. Hajiya Barmani Choge, 'yar garin, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna ne da amada, kiɗan ƙwarya na mata. Ran amada yana cikin dukan ƙwaryar da aka kifa, wani amo mai nauyi wanda ke motsa ƙugu kafin kunne ya tantance kalma. A tsakar gida, tsakanin bango huɗu, wannan amo ba ya buƙatar taimakon kowa. Da aka fitar da shi zuwa manyan ɗakunan taro da filaye, sai gazawar mazurari ta bayyana: a ji murya da ƙwas-ƙwas ɗin sanda, nauyin ya ɓace. Dalilin na lissafi ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka tsawon igiyar sauti mai girgiza 50 ya kusa mita 7. Kafin a motsa iska mai wannan yawa, sai da babban faifai, inci 15 ko 18, da babban akwati, da wuta mai yawa. Kauri tsada gare shi, a kuɗi da nauyi da man fetur.

Turawa ma sun sha wannan wahala a nasu fagen. A watan Agustan 1965 ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea na birnin New York gaban mutum fiye da dubu 55, da kayan sautin da ihun 'yan kallo ya danne su gaba ɗaya. Irin wannan abin kunya ne ya tura masana'antar kiɗa ta Yamma ga ƙera manyan akwatuna da na'urar haɗa murya da kiɗa wadda ake kira mikisa. Abin da suka ƙera ya ɗauki shekaru kafin ya gangaro karkarar Katsina, da ya zo kuma ta hannun kafintoci ya zo: a sayo faifai da amfilifaya daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga Kano, a yanka katako a gida, a lulluɓe shi da baƙin kafet.

Abin da ya sa akwatin ya zama dole shi ne sauyin kiɗan kansa. Daga 1990, shekarar da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, masana'antar finafinan Hausa ta kafu, ta kuma haifi sabon salon waƙa wanda ake haɗa kiɗansa a situdiyo da fiyanon Yamaha. Fiyano yana fitar da bugu mai kauri da babu kalangun da zai iya, waƙar kuma tana zuwa wurin biki a kaset, daga baya a faifan CD, daga baya a filas ko a waya. Wannan kiɗa idan aka saka shi a lasifikar ƙarfe sai ya koma kamar ana kaɗa gwangwani. Matasa suka ƙi, masu haya suka bi abin da matasa ke so, aka shiga gasar wanda akwatunansa suka fi girgiza ƙasa. A wannan gasa ce aka fara auna mai kayan sauti da tsawon tulin akwatunansa, aka kuma fara yin biki inda amarya da ƙawayenta ke rawa sarai amma babu wanda ya ji sunan da mawaƙi ya ambata.

Abin lura shi ne, mawaƙin da ya fi kowa suna daga ƙasar Ɗanja a wannan zamani ya tsaya ne da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙauyen Kahutu da ke Ƙaramar Hukumar Ɗanja, ɗan situdiyo ne, kiɗansa na fiyano ne. Amma waƙoƙinsa na siyasa, waɗanda suka mamaye Arewa tun yaƙin neman zaɓen 2015, cike suke da sunaye da kirari da habaici da zambo, irin kayan da maroƙan dā suka yi fatauci da su. Waƙa irin wannan ba ta da amfani ga wanda ya biya kuɗinta idan ba a ji kalmominta ba. Shi ya sa motar kamfen, wadda ta fi kowa sanin inda ribarta take, sau da yawa takan ɗauki duka biyun: akwati a baya don bugu, lasifikar ƙarfe a sama don magana.

Mai saye na yau yana tsaye ne gaban gadon waɗannan zamunna, an jera masa su a shago ɗaya. Ga tsohon tsari na akwati daban, amfilifaya daban, mikisa daban. Ga akwatin roba mai amfilifaya a cikinsa, wanda ya yaɗu a duniya bayan da JBL ya fito da samfurin EON a 1995, Mackie kuma ya biyo da SRM450 a 1999. Ga kuma ƙaramin akwati mai taya da hannun ja, mai batir a ciki, mai karɓar waƙa daga waya ta Bluetooth, wanda masana'antun Sin suka cika kasuwa da shi.

Na ƙarshen nan shi ne ya fi yaudarar ido. A jikin kwalinsa akan buga wat dubu biyu ko dubu biyar da manyan lambobi. Lissafi kaɗan ya isa. Da yawansu suna ɗauke ne da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, wato abin da ya tara gaba ɗaya wat-awa 84 ne. Da a ce da gaske yana jan wat dubu, da batirin ya mutu cikin minti biyar. Tunda yana yin awa uku ko huɗu, abin da yake ci na haƙiƙa bai wuce 'yan gomomi ba. Wannan ba ya nufin ba shi da amfani. Ga walima a tsakar gida, ga malamin Islamiyya, ga mai tallar magani a kasuwar Bakori, ya wadatar. A kai shi filin makarantar firamare gaban mutum ɗari biyar, a ƙure shi, sai murya ta dushe ta koma gurnani. Ko a cikin kayan kirki ma, lambar wat ba ta faɗin abin da mutane ke zato. Ninka wuta sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce iyakar desibel da akwatin ke iya fitarwa a mita ɗaya, daga ita kuma mai saye zai iya yin lissafin filinsa da kansa: wanda ya ba da 120 a mita ɗaya zai ba da 102 a mita 8, ya ba da 90 a mita 32.

Tsakanin akwati mai amfilifaya a ciki da wanda ba shi da ita, littattafan Turawa sun daɗe da yanke hukunci, sun ba na farkon. Ya fi sauƙin haɗawa, masana'anta ta daidaita faifai da wutar da ta dace da shi, akwai kuma kariyar da ke hana shi ƙonewa idan an ƙure. Duk wannan gaskiya ne a ƙasar da soket ke ba da wuta madaidaiciya. A Ɗanja wutar biki daga janareta take fitowa, ƙaramin janareta kuwa yakan yi sama ya yi ƙasa duk lokacin da bugu ya ja wuta ko mai ya kusa ƙarewa. Idan allon lantarkin akwatin roba ya ƙone, an rasa lasifika da amfilifaya a lokaci guda, kayan gyaran kuma sai an aika Kano ko Legas, a tsakiyar kakar biki. Tsohon akwatin katako idan ya ƙone, mai gyaran rediyo a Funtuwa zai sake naɗa masa waya kafin la'asar, amfilifaya kuma a aro ta maƙwabci. Ga wanda abincinsa ke kan haya, sauƙin gyara ya fi kyan takarda nauyi. Ga mawaƙin da ke yawo da ƙaramar mota da yara biyu, wanda zai iya haɗawa da na'urar daidaita wuta, akwatin roba guda biyu masu inci 12 sun fi masa tulin katako. Sai dai ya buɗe ido, domin kasuwa cike take da akwatunan da aka manna wa sunayen manyan kamfanoni ba tare da sun taɓa shiga masana'antarsu ba.

Sha'anin mai ya ƙara sauya lissafin a 'yan shekarun nan. A 2021, cikin matakan da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka kan 'yan bindiga, an hana sayar da fetur a jarka a gidajen mai na jihar, jarka kuwa ita ce cokalin da ake ciyar da janareta da shi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin mai, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki. Kowane babban akwatin kauri da aka ƙara a fili yanzu yana da kuɗinsa a lita, mai biki ne kuma zai biya. Wannan ya dawo da darajar tambayar da mutanen zamanin batirin mota suka fi kowa iya amsawa: sauti nawa ake samu daga kowane wat? Sababbin amfilifaya marasa nauyi, waɗanda ke mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ci zuwa aiki maimakon zafi, tare da batirin litiyam da faifan sola, sun sa ƙaramin wasa ba janareta ya zama abu mai yiwuwa.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa hukunci. Busasshiyar iskar hunturu tana cinye siririn sauti fiye da iska mai laima, don haka a daidai lokacin da bukukuwa suka fi yawa, baƙaƙen magana ne ke fara mutuwa a hanya, kauri ya ci gaba da tafiya. Jikin mutane ma yana shanye siririn sauti. Akwatin da aka ajiye a ƙasa yana yi wa gwiwoyin sahun gaba waƙa ne, na baya sai dum-dum. Ɗaga shi a kan ƙarfe ya wuce kawunan jama'a yana ƙara jin magana fiye da sayen amfilifaya ta biyu, kuma wannan shi ne abin da mai ɗaura lasifika a kan gora ya sani tun shekara sittin da suka wuce. Tsuwwar nan mai huda kunne kuwa, wadda ke tashi idan makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata, maganinta a tsayar da akwatuna gaba da mawaƙi, bakinsu na kallon jama'a, a kuma yi amfani da makirufo mai jin gabansa kawai, irin Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966.

Akwai hasarar da ba ta shiga lissafin mai haya. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa takwas, kowane ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, abin da kunne zai ɗauka lafiya bai wuce kwata na awa ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wurin wasa ya wuce wannan 100 ɗin. A bikin ƙauye, waɗanda ke manne da bakin akwati yara ne, su ne kuma ke kwana a wurin. Kauri kuma ba ya bin inda aka nufa da shi, yana watsuwa ta kowace fuska, yana ratsa katangar ƙasa, da dare kuma idan ƙasa ta huce iska takan lanƙwaso sauti ƙasa ya yi nisan da bai yi da rana. Tsohon da ke kwance a unguwa ta uku ba ya jin waƙar, bugun kawai ke isa gare shi, daga nan ne kuma yawancin ƙorafin da ke kaiwa gaban mai unguwa ke tasowa.

Gwajin da ya fi dacewa da wannan ƙasa ba ya buƙatar na'ura. A fitar da akwatin daga shago, domin bangon shago yana ƙara masa kaurin da ba nasa ba ne. A ɗora shi a tsawon da za a yi aiki da shi, a kunna waƙar da mai saye bai haddace ba, mai yawan sunaye, ko a ba wani makirufo ya karanto sunayen mutane da garuruwansu. Mai saye ya taka ƙafa arba'in, ya juya baya, ya ƙirga sunaye nawa ya kama. Sannan a bar shi yana aiki awa guda a rana, a taɓa bayansa a ji zafinsa, a kuma duba nawa janareta ya sha.